Babi na Shida: Wa Zai Juya Baba da Ƙarfe Biyun Dare?

Gwallameji unguwa ce da matasa suka cika. An kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Bauchi a 1979, harabarta kuma tana nan kan hanyar Dass, ga Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa a Yelwa, maƙwabciyarta. Wannan ya sa unguwar ta koma ta ɗalibai: ɗakunan haya jere-jere, shagunan gurza takardu, masu shayi, masu cajin waya. Wanda ya ratsa ta da yamma sai ya ɗauka babu mai furfura a cikinta. Akwai su kuwa. Wasu 'yan asalin wurin ne da gonakinsu suka zama gidaje. Wasu ma'aikata ne da suka sayi fili tun yana araha, suka yi gini, suka yi ritaya a ciki. Wasu kuma iyaye ne da 'ya'yansu suka ɗauko daga Dass ko Tafawa Balewa ko Bogoro don su kusanci asibiti. Ba a ganinsu a bakin titi ne saboda suna can cikin ɗaki, wasu a zaune, wasu a kwance.

Maganar jinyar tsoho ba ta yin sallama kafin ta shigo gida. Dare ɗaya hawan jini zai kayar da dattijon da jiya ya je masallaci da ƙafarsa, a kwashe shi a Keke Napep zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, a ce ɓarin jikinsa ya shanye. Bayan mako ɗaya ko biyu likita zai rubuta sallama, ya ce, "Ku tafi da shi gida, ku riƙa juya shi, ku kawo shi ranar ganin likita." Aikin asibiti ya ƙare, kuma gaskiya ne ya ƙare, domin gadon akwai mai jiransa. Abin da ya rage aikin watanni ne, wani lokaci na shekaru, kuma a ranar sallamar ce 'ya'ya ke fara kallon juna.

A Ingila ko Amurka, iyalin da suka kai wannan gaɓa sukan ɗauki jerin gidajen kula da tsofaffi na garinsu, su duba rahoton hukumar da ke sa musu ido, su zaɓa. Mu a nan ba mu da wannan jerin. Gidajen da aka sani 'yan kaɗan ne, kuma nesa: akwai gidan gajiyayyu na Shahuci a Kano, akwai gidan tsofaffi na gwamnatin Legas a Yaba, da na cocin Katolika a Mushin. Galibinsu ma an tanade su ne don wanda ba shi da kowa. Sashen asibiti na farko da aka keɓe kacokan don lafiyar tsofaffi a Najeriya an buɗe shi ne a Asibitin Koyarwa na Ibadan a 2012. Dokar kafa Cibiyar Kula da Tsofaffi ta Ƙasa ta samu sa hannun Shugaba Muhammadu Buhari a 2018, cibiyar kuma ta fara aiki a 2021, shekarar da majalisar zartarwa ta amince da manufar ƙasa kan tsufa. Duk matakai ne masu kyau, amma har yanzu ba su zama gado da katifa da ma'aikaci a Gwallameji ba.

Saboda haka zaɓin mutumin Gwallameji na gaskiya shi ne: ko a bar tsoho a ɗakinsa a ɗauko mai jinya a riƙa biyansa, ko a mai da shi gidan ɗaya daga cikin 'ya'yansa, ko a kwantar da shi na ɗan lokaci a ɗaya daga ƙananan asibitoci masu zaman kansu, ko kuma, idan duk hanyoyi sun toshe, a nemi wani gida na gwamnati ko na coci ko na ƙungiya. Ma'aunin da za a auna duk waɗannan da shi guda ne, kuma ba gini ba ne, ba fenti ba ne, ba talabijin a bango ba. Hannu nawa ne ke kan wannan bawan Allah, kuma hannun wa ne, musamman bayan kowa ya yi barci?

Kafin mu kai ga haka, akwai kunyar da dole a kawar da ita. Da zarar wani ya kawo shawarar a ɗauki mai jinya, za a samu yaya ko gwaggo da za ta ce, "Muna raye? Me mutane za su ce?" Ina girmama tushen wannan magana. Musulmin unguwar ya tashi da ayoyi na 23 da 24 na Suratul Isra'i a kunnensa, Kiristan unguwar ya tashi da umarnin girmama uwa da uba, kuma dukansu sun san cewa ɗan da ya yar da iyayensa ya yi asara. Amma a duba wa wannan kunya take faɗa wa. Mai cewa "muna raye" yakan kasance yana Abuja ko Jos ko Kaduna, yana bugo waya da yamma. Wadda ke wanke zanin gado sau uku a rana mace ce guda: ko matar dattijon, wadda ita ma ta haura sittin kuma gwiwoyinta sun gaji, ko 'yarsa da ta baro ɗakin mijinta, ko suruka mai goyo. Bayan wata uku bayanta ya ƙage, barci ya ƙaurace mata, haƙurinta ya ƙare, ta fara ɗaga murya ga mutumin da take ƙauna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum ɗaya cikin shida na waɗanda suka kai shekara 60 yana fuskantar wani nau'in cin zarafi a cikin shekara guda, kuma a cikin al'umma ne, ba a wani gidan tsofaffi ba. Ba duka mugunta ce ke jawo wannan ba. Gajiya tana da kaso babba. Biyan wani ya taya ka ɗaga mahaifinka hidima ce gare shi. Barinsa cikin jiƙaƙƙen zani don gudun bakin mutane, wannan ne abin kunya.

Akwai kuma kunyarmu ta surukai, wadda littattafan Turawa ba su san da ita ba. Suruka ba za ta iya yi wa uban mijinta tsarki ba tare da su biyun sun shiga ƙunci, shi kuma dattijon zai gwammace ya riƙe fitsari, ya ƙi shan ruwa, da ya kira ta. Idan majinyacin namiji ne, a nemo namiji don wanka da kewayawa. Idan mace ce, a nemo mace. Wanda ya raina wannan zai ga tsoho yana ramewa ba tare da ya san dalili ba.

To, da me ake gane jinya mai kyau? Da fata. Mutumin da ba ya iya juya kansa, idan ya daɗe a kan ɓari guda, nauyin jikinsa yana matse jijiyoyin jini a wuraren da ƙashi ya kusanci fata: ƙugu, gindin baya, dugadugai, kafaɗu, ƙeya. Jini ya daina isa wurin, naman ya fara mutuwa daga ciki, sai gyambon kwanciya ya ɓullo. Shi ya sa ma'aikatan jinya ke cewa a riƙa juya shi duk bayan awa biyu, dare da rana, a sa matashi tsakanin gwiwoyi, a ɗage dugadugai daga katifa, a tabbatar zanin gado a bushe yake kuma babu tattara a cikinsa. Littattafai da yawa suna cewa a lura da jan tabo, amma wannan ga farar fata ne. A fatarmu wurin yakan yi duhu fiye da kewayensa, ko ya yi sheƙi, ko ya fi sauran jiki zafi ko tauri idan aka taɓa. Wanda ke jiran ganin ja zai makara. Gyambon da ya buɗe a gindin bayan tsoho mai ciwon suga yana iya cin watanni bai warke ba, yana iya kaiwa ƙashi, yana iya sa ƙwayoyin cuta su shiga jini su yi ajalinsa. Saboda haka ɗa ko 'yar da ta zo dubiya kada ta tsaya ga gaisuwa da ajiye ledar lemo. Ta ce, "Inna, bari in ga bayanki," ta ɗaga zani ta duba da idonta. Ɗan kuma ya ce, "Baba, a yi haƙuri, zan duba ƙafar," ya cire safa ya ga dugadugai da tsakanin yatsu. Bayan majinyaci ba ya ɓoye abin da aka yi da abin da ba a yi ba.

Juyi duk awa biyu yana nufin sau goma sha biyu a kwana ɗaya. Mutum ɗaya ba zai iya ba, ko nawa aka biya shi. Duk wanda ya ce maka shi kaɗai zai riƙe majinyaci kwance dare da rana, ko bai san aikin ba ne, ko ya yanke shawarar zai yi barcinsa. Dole a raba: na rana daban, na dare daban, ko mai jinya ya ɗauki rana 'yan gida su yi karɓa-karɓa da dare. A kuma ajiye littafi a gefen gado, irin na 'yan makaranta ma ya isa, a riƙa rubuta lokacin juyi, abin da ya ci, ruwan da ya sha, maganin da aka ba shi, awon jini, da ranar da ya yi bayan gida. Littafin nan yana kare majinyaci, yana kare mai jinya daga zargi, kuma shi likita zai fara nema ranar komawa asibiti.

Sai maganar wanda za a ɗauka. A unguwanni irin wannan kusan duk mai farar riga ana ce masa nas, alhali ba haka ba ne. Ma'aikacin jinya na gaskiya yana da lasisin Hukumar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Najeriya, kuma ana sabunta shi. Jami'in lafiyar al'umma shi ma yana da tasa hukumar da takardarsa. Ba laifi ba ne a ce, "Malama, don Allah mu ga takardar." Wanda ke da ita ba zai ji haushi ba. Ba kowane aiki ne ke buƙatar nas ba: wanka, ciyarwa, juyi, hira, duk mutumin kirki mai ƙarfi da haƙuri zai iya idan an koya masa, kuma mafi kyawun lokacin koyon shi ne kafin a bar asibiti, a tsaya kusa da ma'aikatan ɗakin a ga yadda suke ɗagawa da saukewa. Amma sanya robar fitsari da sauya ta, wanke gyambo mai zurfi, allura, ƙarin ruwa, robar abinci ta hanci, waɗannan na mai lasisi ne kawai. Tsarin da ya fi dacewa da aljihun yawancin iyalai shi ne mai taimako na kullum, da nas mai zuwa sau biyu ko uku a mako, da likitan gashin ƙashi da zai koya wa 'yan gida motsa hannu da ƙafar da suka shanye tun kafin gaɓoɓin su sandare.

Halin mutum kuwa takarda ba ta nuna shi. A tambayi gidan da ya yi aiki a baya, a sa mai unguwa ko liman ko fasto ya san da shi, a san inda danginsa suke. A ranar farko a lura da abu ɗaya: ya gaida majinyacin kuwa? Wanda ya shigo ya durƙusa ya ce, "Baba, ina kwana, ya ƙarfin jiki? Zan ɗaga ka yanzu," ya bambanta da wanda ya tsaya a kansa yana tambayar 'ya'yan, "Yana ci? Yana magana?" kamar ba ya ɗakin. Sannan a riƙa shigowa ba zato, da tsakar rana ko bayan isha'i. Idan kullum aka zo tsoho na barci, har da hantsi, a binciki magungunan da ake ba shi, domin akwai masu ɗura wa majinyaci maganin barci daga kemis don su huta, kuma wannan yana jawo faɗuwa da ruɗewa da shaƙewa.

Ciyarwa ita ma tana kisa idan aka yi ta da gaggawa. Shanyewar ɓarin jiki takan taɓa maƙogwaro, kunu ko ruwa ya bi hanyar iska ya sauka a huhu, bayan kwana biyu zazzaɓi da tari su taso. Kada a ba mutum abinci a kwance. A zaunar da shi sosai, a ba shi kaɗan-kaɗan, a bar shi a zaune kamar rabin awa bayan ya gama. Idan yana tari duk lokacin da ya haɗiya, a gaya wa likita.

Ɗakin kansa yana da nasa sharuɗɗan. Yawancin gine-ginen Gwallameji an yi su ne da ɗalibi a zuciya: ƙaramar taga, dakali mai tsayi a bakin ƙofa, banɗaki na tsuguno, tayil mai santsi. Tsohon da ya zame a banɗaki ya karya ƙugu sau da yawa daga nan ba ya sake tashi. Kujerar kewayawa, ƙarfen riƙewa a bango, fitila mai caji da ke kwana a kunne, ƙofar da keken guragu zai iya wucewa: duk a tanade su. Sai zafin Maris da Afrilu. Tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro, jikinsa na bushewa bai sani ba. A farkon Afrilun 2024, lokacin da zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na Mali, asibitin Gabriel Touré da ke Bamako ya ƙirga mutuwar mutum 102 a cikin kwana huɗu, kuma da yawansu sun haura shekara 60. Ɗakin kwano marar silin, rufe, ba wuta, haɗari ne ga mai shekara tamanin. A riƙa miƙa masa ruwa ba sai ya nema ba, a jiƙa tawul a shafa masa, a fito da shi inuwa da yamma. A kuma tanadi ruwan wanki tun kafin rijiyoyi su ja baya da rani, domin jinyar mai kwance tana shan ruwa fiye da yadda ake zato.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne tsohuwar da jikinta lafiya lau amma ƙwaƙwalwarta ta fara tafiya. Takan manta sunan jikanta, ta ce an sace mata kuɗi, ta fita da dare tana neman gidan iyayenta da suka rasu shekara hamsin da suka wuce, a tsince ta a wata unguwa tana maganar da ba a gane ba. Wannan ciwon mantuwa ne, cuta ce ta ƙwaƙwalwa da likitoci suka sani, ba maita ba ce, ba kuma asiri ba. A arewacin Gana har sansanoni ake da su, irin na Gambaga, inda matan da aka kora da zargin maita ke fakewa, kuma a 2020 an kashe wata tsohuwa mai shekara 90, Akua Denteh, a garin Kafaba bisa wannan zargi a gaban jama'a. Mu ma ba mu tsira daga irin wannan tunani ba. Mai jinyar da ya yi imani cewa Kaka mayya ce ba zai taɓa kula da ita da tausayi ba, don haka a tambaye shi ra'ayinsa tun ranar farko. A sanar da maƙwabta halin da take ciki, har da ɗaliban da ke haya a layin, a ɗinka lambar waya a cikin rigarta. Kada a ɗaure ta, kada a kulle ta ita kaɗai. Idan kuma ruɗewar ta zo farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, a garzaya asibiti, domin ciwon mafitsara ko faɗuwar suga ko zazzaɓi na iya jawo haka, kuma suna da magani.

Idan ta kama dole a kai tsoho wani gida ko ƙaramin asibiti ya zauna, tambayoyin ba su sauya ba. A nemi ganin takardar rajistar wurin daga Ma'aikatar Lafiya ta jiha. A tambaya mutum nawa ke aikin dare, a kan majinyata nawa, a kuma dawo da dare a ƙirga su. Wane likita ne ke zuwa, yaushe? Idan numfashi ya sarƙe da ƙarfe uku na dare, da wace mota za a kai shi babban asibiti? Hanci ma shaida ne: zarnin da ya kama bango ba na yau ba ne. Wurin da ya ƙayyade wa 'ya'ya lokacin ziyara sosai, ko ya hana su ɗaga zani su duba, a bar shi. Tsada kuma ba hujja ba ce. A Faransa, a 2022, ɗan jarida Victor Castanet ya wallafa binciken da ya zargi kamfanin Orpea, ɗaya daga cikin manyan masu gidajen tsofaffi a Turai, da ƙididdige wa mazauna abinci da ƙunzugu don ƙara riba, har gwamnati ta buɗe bincike. A Kanada, kusan kashi 80 cikin 100 na waɗanda korona ta kashe a zagayen farko na 2020 mazauna irin waɗannan gidaje ne. Ko inda gine-ginen ke da kyau, hannaye ne suka yi kaɗan.

Kuɗi shi ne inda zumunci ke tsagewa. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 farashin magani da ƙunzugun manya da kuɗin mota duk sun tashi, fansho kuwa bai bi su ba. Gara 'ya'ya su zauna tun makon farko, a gaban kawu ko wani babba da kowa ke jin nauyinsa, a rubuta abin da kowa zai riƙa bayarwa a wata, a naɗa mutum ɗaya mai riƙe lissafi. Wadda ta bar sana'arta ta zauna jinya ta riga ta ba da kasonta, har ma ta fi. Bai kamata a sake neman kuɗi a wurinta ba, kamata ya yi a ba ta. A kuma je ofishin hukumar taimakekeniyar lafiya ta jihar Bauchi a tambayi tsarin da ya shafi tsofaffi, tunda dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta sanya su cikin masu rauni da aka yi wa tanadi. Mai jinya a biya shi a kan lokaci, a ba shi ranar hutu a mako, a san wanda zai maye gurbinsa a ranar.

Shi kansa mai jikin a tambaye shi. Ana yawan yanke shawara a tsakar gida, shi yana ciki yana jin komai. Matuƙar hankalinsa na nan, shi ke da ikon cewa a ina yake so ya zauna, wa yake so ya taɓa jikinsa, da me za a yi da kuɗin hayar ɗakunansa. Dattijon da aka ɗauke daga Gwallameji zuwa bene a Abuja zai samu na'urar sanyaya ɗaki, amma zai rasa abokan hirarsa na bayan la'asar, da limamin da ke leƙo shi, ko matan zumunta da ke zuwa yi wa Mama waƙa da addu'a ranar Lahadi. Wani zai zaɓi Abuja saboda jikoki, wani zai ce a bar shi a ɗakinsa ko da fanka ce kawai. A tanadar masa abin taimama a kusa da gado idan alwala ta gagara, a juya gadon yadda zai fuskanci alƙibla, ko a shirya wanda zai riƙa kai shi coci ko da sau ɗaya ne a wata. Duk abin da aka amince a kai, a sa ranar da za a sake zama bayan wata uku, domin jikin da ke iya zama a kujera yau yana iya buƙatar mutum biyu kafin damina ta wuce.